Ƴaƴan baƙi da bencin baya

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a wannan wata maganarmu a kan yaran da ke shiga lakwal daga wani wuri ce. Kowace shekara ana buɗe lakwal cikin watan Oktoba. A lokacin manomi na fama da girbi, makiyayi kuma bai gama saukowa daga arewa ba, don gonaki ba su buɗe ba tukuna. Sai wajen Disamba ko Janairu za a ga uba ya riƙo hannun ɗansa ya kawo ma darakta. A lokacin aji ya riga ya yi nisa, benci ya cika, littafi ya ƙare. Ina za a zaunar da wannan yaro? Tambayar ƙarama ce a baki, amma ita ce ke nuna ko yaron zai daɗe a lakwal ko zai gudu kafin damina.

SU WANE NE BAƘIN NAN?

Ƙasarmu ta Ƙonni da Malbaza da Illela hanya ce. Babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta bi ta cikinta. A Tsarnawa ta Tawa ke rabuwa, ta bi Badagishiri. Ta kudu ga iyaka, ga Illela ta Najeriya daf da Ƙonni (kada mai karatu ya ruɗe, Illela biyu ce: tamu ta Adar da ta jihar Sakkwato). Mutumin Ƙonni ya fi kusa da Sakkwato bisa ga Tawa. Wurin da ke bisa hanya kuwa ba ya rabuwa da baƙo.

Akwai ƴaƴan Fulani da na Buzaye masu bin dabbobi. Akwai ƴaƴan ƴan biɗa, waɗanda anka haifa a Legas ko Kano ko Abijan, anka maido su gida. Manya ba su manta da 1983 ba, shekarar da gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Najeriya, motoci sunka riƙa sauke mutane a Ƙonni da kayansu da ƴaƴansu. An sake ganin irin haka a 1985, an gani a 2002 da yaƙi ya tashi a Kodebuwa, an gani a 2011 da Libiya ta rikice. Akwai ƴaƴan masu aikin rani: masu zuwa dashen albasa a Galmi, masu aiki a gandun ban-ruwa na Ƙonni, da leburori a kewayen masana'antar siminti ta Malbaza.

Sannan ga ƴan gudun hijira. A 2019, cikin watannin Afrilu da Mayu, mutane wajen 20,000 sunka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, yawancinsu ta wajen Gidan Rumji, saboda ƴan bindiga. A watan Nuwamba na 2021 hukumar HCR mai kula da ƴan gudun hijira ta ƙirga fiye da mutum 11,500 da sunka gudo daga jihar Sakkwato zuwa ƙauyuka 26 na Bangi, cikin Madawa, maƙwabtanmu na gabas. Mata da yara ne sunka fi yawa a cikinsu.

Abin lura shi ne, yawancin waɗannan yara Hausa suke ji kamar namu. Addini ɗaya, tuwo ɗaya, wani lokaci ma kaka ɗaya. A kasuwa ba ka iya rarrabe su. Sai a ƙofar aji ne baƙuncinsu ke fitowa. Wanda ya fara karatu a Najeriya da Ingilishi ya fara, nan kuwa Faransanci za a tambaye shi. Yaron da ya yi shekara huɗu a firamare can, ya iya rubutu, ya iya lissafi, sai ya zama kamar bai taɓa riƙe alli ba, don bai san yadda ake cewa bakwai da Faransanci ba.

WARIYA BA SAI DA DOKA BA

Babu dokar ƙasarmu da ta ce a ware ɗan baƙo. Dokar ilimi ta ranar 1 ga Yuni 1998 cewa ta yi ilimi haƙƙi ne, kuma ba a bambanta yara saboda jinsi ko asali ko ƙabila ko addini. Amma wariya tana da hanyoyinta da ba su bukatar takarda.

Ta fari ita ce bencin baya. Wanda ya zo a makare, can ƙarshen aji za a tura shi, inda allo ba ya ganuwa, inda muryar malam ke isa da ƙyar. In benci ya ƙare, sai ƙasa. Malam mai yara tamanin ko ɗari a gabansa da na gaba yake aiki, masu ɗaga hannu. Ba mugunta ba ce, yawa ne. Amma sakamakon ɗaya ne: wata uku su wuce ba a kira sunan yaro ya zo allo ba.

Wata hanyar ita ce a maida babban yaro ajin fari. Ɗan shekara 12 a zaunar da shi cikin ƴan shekara 7 a CI, ƙafafunsa ba su shiga ƙarƙashin teburi. Ƙanana na yi masa dariya, sa'o'insa na CM na yi masa kallon daƙiƙi. Wane yaro ne zai jure wannan har shekara shida?

Akwai kuma rumfar kara. In baƙi sun yi yawa, sai a kafa masu rumfa ta dabam a gefen lakwal, a ce ta wucin gadi ce. Ƴan gari na cikin gini, baƙi na cikin zana. Sau da yawa malamin da za a ba su shi ne sabon ɗauka, wanda bai goge ba. Rumfa ba ta tare iskar hunturu, ba ta jure ruwan farko, don haka karatunta yakan fara a makare ya ƙare da wuri. Haɗarinta kuma kowa ya sani: a watan Afrilu na 2021 wuta ta cinye azuzuwan kara a Yamai, a watan Nuwamba na shekarar ta sake ci a Maraɗi, kowane wuri an rasa yara ashirin ko fiye. Gaskiya ne ƴan gari ma da yawa a rumfa suke karatu. Amma in ana rabon ɗaki, a duba da kyau a ga wa ake fara turawa waje.

Sai kuma baki. A kira yaro da sunan ƙabilarsa maimakon sunan da ubansa ya raɗa masa. A ce “kai ɗan daji”, a ce “ku ƴan gudun hijira ku koma can”. Wasan da ke tsakanin ƙabilu abu ne mai kyau, gadonmu ne, amma wasa tsakanin sa'o'i ake yinsa. In yaro ɗaya ne tak cikin yara sittin, kullum a kansa ake dariya, wannan ya wuce wasa.

YADDA BURI KE MUTUWA

Yaro ba ya sha'awar abin da bai taɓa gani ba. Ɗan gari yana da yaya a kolej, yana da kawu malamin asibiti, maƙwabcinsu na karatu a jami'ar Tawa. Tun yana ƙarami ya san matakan: shekara shida a firamare, huɗu a kolej a ɗauki BEPC, uku a lise a ɗauki bak. Ya san wanda ya hau tsanin har sama. Ɗan makiyayi ko ɗan leburan albasa sau da yawa ba shi da kowa a gida da ya taka wannan tsani. Inda zai ji labarinsa shi ne bakin abokin zamansa a benci. In an haɗa shi da irinsa kaɗai, waɗanda su ma ba su sani ba, wa zai faɗa masa? Makaho ya ja makaho ke nan.

Na biyu, yaro yana karanta fuskar malam kafin ya iya karanta allo. In malam ya riga ya yanke a ransa cewa wannan ba mai zama ba ne, da ruwa ya sauka za su tashi, to ba zai ɓata allinsa a kansa ba. Yaron zai gane. Sai ya rage ƙoƙari. Da ya rage ƙoƙari sai ya faɗi jarrabawa, malam kuma ya ce ai dama na faɗa. Uba ya ga sakamako, ya ce lakwal ba tamu ba ce, gara ya bi shanu ko ya bi yayansa Legas. Kowa a cikinsu na ganin gaskiyarsa ta fito, alhali tun ranar da anka nuna ma yaron bencin baya anka shuka abin.

Ga ƴa mace abin ya fi sauri. Yarinyar da anka maida baya da aji uku, kafin ta kai CM2 ta zama budurwa. In ba ta da ƙawa a aji, ba ta da malama mai tambayar lafiyarta in ba ta zo ba, ranar da anka kawo goron aurenta ba wanda zai ce a dakata.

Mu da ke koyar da manya a cibiyoyin yaƙi da jahilci muna ganin ƙarshen wannan hanya. Cikin masu zuwa koyon baƙi da wasali da dare akwai magidanta da sunka taɓa shiga lakwal wata biyar ko shekara ɗaya suna yara, bayan iyayensu sun yi ƙaura. Hannunsu ya fi na kowa saurin kama rubutu. Ba ƙwaƙwalwa sunka rasa ba a wancan lokaci.

LAKWAL TA MAKIYAYA

Wani zai ce: to ai gwamnati ta yi ma makiyaya lakwal tasu, wannan ma wariya ce? A nan sai a yi hankali. Tun zamanin Nasara, kafin mulkin kai na 1960, an buɗe irin waɗannan makarantu a arewa. Da fari mutane ba su so ba. Sarakuna da yawa sun ɓoye ƴaƴansu, sun tura ƴaƴan barorinsu a madadinsu. Bayan shekaru sai ga ƴaƴan barori sun zama ma'aikata, masu ɓoyewa na cizon yatsa. Daga baya an haɗa waɗannan makarantu da abinci da wurin kwana, don yaro ya zauna ko da iyaye sun tashi. Najeriya ma ta kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, hedkwatarta a Kaduna.

Amfaninsu ba ya ɓoyuwa. Inda ruga ke nesa da gari, in ba a kai lakwal kusa da rijiya ba, yaro ba zai ga allo ba ko kaɗan. Abinci kuma shi ke riƙe ɗalibi. Amma matsalar tana jira a gaba. Kolej a gari take. Yaron da ya yi shekara shida bai taɓa zama da ɗan gari ba, rana ɗaya a ce ya tafi Illela ko Ƙonni, ya nemi mai masauki, ya ci abincin gidan da bai sani ba. Nan ne da yawa ke juyawa. A ganina, lakwal ta makiyaya ta fi kyau in ƴaƴan manoman da ke kusa su ma suna shigarta, kamar yadda ƴaƴan makiyaya ke shiga ta gari. A wuri irin Tajaye, inda Buzaye da Hausawa ke zaune gab da juna, babu dalilin raba yara bisa sana'ar iyaye. Waɗanda sunka zauna benci ɗaya suna yara, in sun girma sun haɗu a kan maganar ɓarnar gona ko burtali, da sunan juna za su fara.

Maƙwabtanmu sun gwada raba almajirai su ma. A watan Afrilu na 2012 shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato, anka gina fiye da 150 irinta a Najeriya. Gine-gine masu kyau ne, amma da yawansu ba su yi aikin da anka gina su dominsa ba. Gini kaɗai ba ya shigar da yaro cikin jama'a.

ABIN DA WASU ƘASASHE SUNKA GANI

Ba mu kaɗai ke da wannan magana ba. A Amurka an daɗe ana raba makarantun baƙar fata da na farar fata, ana cewa rabuwa ba komai in dai an ba kowa daidai. Wasu masana biyu, miji da mata, Kenneth da Mamie Clark, sunka yi gwaji cikin shekarun 1940. Sun ajiye ma yara baƙar fata ƴar tsana fara da baƙa, sun tambaye su wacce ta fi kyau. Yawancinsu fara sunka nuna. Wato yaro ya riga ya koyi raina kansa. Ranar 17 ga Mayu 1954 babbar kotun Amurka ta yanke cewa raba yara a makaranta bisa launi ya saɓa ma tsarin mulki.

A ƙasar Cek, can Turai, akwai mutanen da ake kira Roma, waɗanda kakanninsu masu yawo ne. A garin Ostrava an riƙa zuba ƴaƴansu a makarantun da anka yi don yara masu raunin ƙwaƙwalwa. Lissafi ya nuna ɗan Roma ya fi sauran yara yiwuwar faɗawa can har sau 27. A 2007 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce wannan wariya ce.

Faransa kuwa, wadda muka gaji tsarin lakwal daga gare ta, ta buɗe azuzuwa na dabam don ƴaƴan baƙi a 1970. A 2012 ta sake tsari: a rubuta yaro cikin aji na kowa da kowa tun ranar fari, sai dai ya riƙa fita wasu awoyi ana ƙara masa Faransanci. Turkiyya ta karɓi miliyoyin mutanen Siriya, ta fara da cibiyoyi na dabam da Larabci, amma daga 2016 ta shiga rufe su kaɗan-kaɗan tana maida yaran makarantun ƙasa. Rahoton da UNESCO ta fitar a watan Nuwamba na 2018 shi ma haka ya nema: a shigar da ƴaƴan baƙi da na ƴan gudun hijira cikin makarantun ƙasar da suke zaune.

AJIN DABAM MAI ƘOFAR FITA

Kada a ɗauka kowane aji na dabam mugu ne. Yaron da bai jin Faransanci ko kalma ɗaya, in an jefa shi CM1 an bar shi, shi ma an ware shi, ko da a bencin gaba yake. Abin tambaya shi ne: ajin nan yana da ƙofar fita? Yaushe za a fita, kuma ina za a shiga?

Akwai tsarin da anka fara a Mali a 2004, daga baya ya iso Nijar da Burkina Faso, wanda ake kira ajin gada. Ana ɗaukar yara ƴan shekara 8 zuwa 12 da ba su shiga lakwal ba ko sun fita da wuri. Karatun na wata tara ne. Wata biyu na fari da harshen gida ake yi, yaro ya iya karatu da rubutu da harshen da yake mafarki da shi, sannan a shiga Faransanci. A ƙarshe a gwada shi, a sa shi ajin da ya dace da ƙarfinsa cikin lakwal ta gari. Gada ce, ana bi ta kanta a wuce. Ba a gina ɗaki bisa gada.

A Diffa kuma, bayan Boko Haram ta koro mutane daga Borno, an buɗe cibiyoyi inda manyan ɗalibai sunka ci gaba da karatun Najeriya da Ingilishi, don su zauna jarrabawar ƙasarsu. Ga ɗan shekara 16 da saura kaɗan ya gama, wannan ya fi a maida shi baya. Ga ɗan shekara 7 kuwa, wanda ba a san ranar komawar iyayensa ba, ajin gari shi ne wurinsa. Gudun hijira ana shigarsa da niyyar wata biyu, a wayi gari an shekara goma.

Maganar harshe tana gefenmu a nan yankin. Tun 1973 anka fara gwada koyarwa da Hausa a firamare a Damagaram. A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Inda ake fara karatu da Hausa, ɗan Gwadabawa da ɗan Bazaga ba su da bambanci a gaban allo. Ingilishin da ake yi ma yaro dariya a kansa a firamare, shi ne za a koya ma kowa a kolej. Sai dai a tuna da ɗan Bafillace da ɗan Buzu da ba su jin Hausa sosai, kada a gyara ma wani a ɓata ma wani.

Mu mutanen nan ya kamata mu fi kowa sanin darajar ɗan baƙo. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta anka haife shi a 1754, nan kusa da Galmi, cikin zuriyar Fulanin da kakanninsu sunka taso daga Futa Toro. Yawon neman ilimi ya kai shi har Agadas wajen Malam Jibrilu. A zauren malamai na da, da kaifin karatu ake gane ɗalibi.

GA IYAYE DA MASU GARI

Makiyayi, in ka san ba za ka sauko ba sai bayan girbi, ka je ka gaya ma darakta tun kafin ka tashi, a rubuta sunan ɗanka. In akwai ɗan'uwa ko amini a gari, ka bar yaron hannunsa. In za ka ƙaura da shi, ka nemi takardar shaidar ajin da yake, don kada a maida shi CI a inda za ku sauka. Mai dawowa daga Najeriya ko kurmi, kada ka jefar da katin sakamakon ɗanka don da Ingilishi anka rubuta shi. Ka kawo shi, ka roƙi a gwada yaron da lissafi da Hausa kafin a yanke masa aji.

Takardar haihuwa kuma ita ce ke tare yara da yawa ranar jarrabawa. Wanda bai da ita, ya je ofishin magajin gari tun yaron na ƙananan azuzuwa, a nuna masa yadda ake samun ta alƙali. In an yi shelar alƙali zai zo ƙauye don yin takardu, kada a ce ana ban-ruwa.

Kowace lakwal tana da kwamitin iyaye da malamai, wanda anka sani da COGES. A duba a gani: akwai ɗan ruga ko ɗaya a cikinsa? Akwai wani daga zangon baƙi? In babu, a sa. Kwamitin nan na iya roƙon malam ya riƙa juya wurin zama kowane wata, na baya ya dawo gaba. Yana iya cewa in za a shiga rumfa, a shiga bisa aji, ƴan gari da baƙi tare. Yana iya haɗa sabon zuwa da ɗalibi mai ƙoƙari, su zauna benci ɗaya, su koma gida hanya ɗaya. Duk waɗannan ba su cin ko dala.

Lokacin hutu kuma, in ƴan kolej da ƴan jami'a sun dawo gida, mai gari ya kira ɗaya ko biyu su zo su zauna da ƴan CM, su ba su labarin inda suke karatu, da abin da ake ci, da yadda ake samun masauki. In an samu ɗan makiyayi ko ɗiyar ƴan biɗa cikin masu ba da labarin, a fara da su. A kuma aika har ruga da zango a faɗi ranar da za a yi, don iyaye su zo su ji da kunnensu.